Farar Hular Malam Sabi'u

Har yau ina tuna Alhamis ɗin da Malam Sabi'u ya zo rumfarmu ta wankin hula a Jakara. Ku yaran rumfata da kuke tambaya me ya sa hutun dimokuraɗiyya ya tashi daga Mayu ya koma Yuni, ku saurara.

A 1999 ne. Sojoji sun ce ranar Asabar, 29 ga Mayu, za su miƙa mulki ga farar hula. Huluna kuwa sun yi mana yawa, kowa na son fita fes. Malam Sabi'u malamin firamare ne a unguwar Sheshe, ga tsauri kamar me. Ya warware ƙyalle ya fito da wata farar hula ta mahaifinsa. Ya ce da ita ya yi zaɓen 12 ga Yuni 1993, da aka soke zaɓen ya rantse ba zai ƙara sa ta ba sai soja sun koma bariki.

Na karɓa na duba. Zaren ya yi laushi, asu ya ci gefe. A ƙa'ida jiƙawa muke yi, mu goge da buroshi, mu sa sitaci, mu kifa a gungumen itace ta bushe. Wannan in ta sha buroshi sai dai tsumma. Na gaya wa maigidana, Alhaji Uba, ya ce in mayar masa da abarsa. Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Da tafin hannu na wanke ta, na shanya a inuwa. Ta fita lafiya, na yi ajiyar zuciya.

Da ya sa ta ran Asabar, na tsokane shi da cewa ai buri ya cika. Ya ce ya ji daɗi, amma ranar soja ne suka zaɓa, tasa tana Yuni. Gwamnati ta mai da 29 ga Mayu hutu, shi ko bai daina mita ba.

Bayan shekaru aka mayar da hutun zuwa 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen nan da aka soke. Sai ga shi da sanda, da ƙyallen nan. Na duba na ce, "Baba, ba za ta ƙara ɗaukar ruwa ba."

Ya yi dariya. "To kaɗe mini ƙurar, haka zan sa ta."

Na kaɗe, na ɗora masa da hannuna. Shi ya sa nake hana ku tsoma hular mutum a ruwa kafin ku ji daga bakinsa.