Tsumman da ya cinye geron Baffa

Ni da bakina na je Jahun na ce wa Baffa, yayan mahaifina, ya kwance igiyoyinsa. Ina malamin gona a Dutse lokacin, ba a daɗe da ba mu jiha ba, ga sabon babur, ga jin kai. Tsuntsayen jan baki sun sauka gero na shirin nuna, su Baffa na yini a gona suna kaɗa gwangwanaye da igiya. Na ce jibi jirgin feshi zai tashi, kuma maganin guba ne, kowa ya kwashe iyali da dabbobi ya bar gona.

"Ka ga jirgin da idonka?" in ji Baffa.

"Har taɓa shi na yi, Baffa."

Ban yi ƙarya ba. Sati biyu yana ajiye a filin da aka share bayan gari. Wanda aka ɗora wa kula da shi tsohon makanikin tarakta ne, mutumin kirki. Al'adarsa, duk kafar da ya gani a jikin inji sai ya cusa mata tsumma, kada zanzaro ya yi gini a ciki. A tarakta in ka manta, sai ta yi tari ta mutu, ka sauko ka zare.

Ranar, bayan la'asar, jirgi ya tashi. Ko kan ɗorawa bai gama wucewa ba muka ji ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya kifa cikin gonar gyaɗa. Matuƙin ya fito yana ɗingishi, mun gode Allah. Da aka buɗe inda inji ke shan iska, sai ga ƙyallen tsohuwar atamfa.

"Wallahi don zanzaro na sa," in ji makanikin.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na zazzaga masa masifa son raina, alhali a haife ya haife ni. Sannan na zauna ofis kwana biyu ina rubuta rahoto, ina neman kalmar da ta fi sakaci zafi. Ban aika wa kowa a Jahun cewa jirgi ba zai zo ba.

Da na je, na iske Baffa yana mayar da igiya a gonar da babu sauran abin tsaro. Ya karyo zangarniya ɗaya ya miƙo min, ba ƙwaya ko ɗaya.

"Mun jira, kamar yadda ka ce," in ji shi.