Malamin Lissafi da Zomonsa

Shekara talatin da biyu Malam ya yi yana koyar da lissafi, kuma a faɗarsa, Allah bai taɓa haɗa shi da ɗalibi mai ƙwaƙwalwa ba. Da ya yi ritaya, 'yarsa ta kawo masa zomo don ya ɗebe masa kewa. Ta ce a riƙa ɓoye wa zomon abinci cikin abin wasa yana nema, kada zaman keji ya gundure shi.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Malam ya samo kwali ya yanka masa ƙofofi uku, ya ɓoye yankan karas a bayan ta tsakiya. Ya ajiye a baranda, ya gyara tabarau yana duba agogo.

Zomo ya shinshina, ya zagaya ta baya, ya gwigwiye kwalin, ya cinye abinsa.

"Satar amsa!" in ji Malam. "A gabana!"

Matarsa tana ninke wanki ta ce, "To Malam, a kira iyayensa mana."

Malam ya sa aka ƙera akwatin katako mai sakata. Cikin kwana uku zomo ya iya ture sakatar da hanci, har tsalle yake in ya ji motsin akwatin.

Yanzu duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai ya kalli jarrabawa. Malam kan ce, "Koyarwa baiwa ce." Matar kuwa ta ce ita dai ƙoƙarin karas ta gani.