Doyar Sunan Ɗiyata

A farkon dawowar mulkin farar hula, kowa ya gano yana da murya. Ma'aikatan jirgin sama suka tafi yajin aiki, rediyo ta yi ta faɗa. Mu a Lafia ba mu da filin jirgi a lokacin, amma mun fahimci darasin. Malaman makaranta muka fito da kwalaye, muka zaga gari har ta bakin kasuwa, ni a gaba, saboda an ce na fi kowa iya jera magana.

Aka yi shelar ƙarin albashi. Shelar ta isa kasuwa a yinin. Albashin kuwa ya tsaya hutawa a hanya.

A makon ne matata ta haihu. Surukaina mutanen Kwandere ne, manoma, ba a yi musu suna babu sakwara. Sai na bi dabarar da muka ƙirƙiro a ɗakin malamai: ba a shiga kasuwa da kamannin mai albashi. Na cire biro daga aljihu, na ajiye agogo, na sa tsohuwar riga da silifas, na nufi layin doya.

Na tsaya gaban wata dattijuwa 'yar Assakio. Ta faɗi kuɗin ƙwarya, wato doya ɗari, na dafe ƙirji.

"Haba Mama, talaka fa kike yi wa ciniki."

Ta dube ni tun daga silifas har kai.

"Sannu talaka. Ina kwalinka?"

"Wane kwali?"

"Wanda ka ɗaga ranan, kana ihu a ƙara, a ƙara. Malam, ni ma na ji, na ƙara."

"Ai mu ba a biya mu ba tukuna."

"To ka koma ka yi ihu. Mai mota da ya kawo doyan nan, shi ma yana da rediyo."

Na yi mata bayanin hauhawar farashi kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyar. Ta saurara cikin ladabi, tana korar ƙuda. Da na ce suna ne, ta ce Allah ya raya, ta ɗora mini guda ɗaya mai tabo a matsayin gyara. Rabin ƙwarya na iya ɗauka.

Ranar suna aka kai wa surukai sakwararsu cikin ɗaki, aka ja labule. Abokan gwagwarmaya kuwa, da suka zo su goma sha wani abu, na zaunar da su gindin mangwaro, aka kawo musu kunu.