Kalmar da Na Koyar da Rabinta

Shekaru sun ja, furfura ta cinye kaina, sunayen ɗalibai da yawa sun ɓace mini, har wasu in sun gaishe ni a hanya sai dai in amsa da fara'a in wuce ina lalube. Amma akwai abin da ya faru da ni a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a ƙasar Baure, wanda na tabbata ba zai bar raina ba har in koma ga Allah. Kalma ɗaya ce tak ta jawo shi, kuma da bakina na koyar da ita.

A farkon shekarun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a arewa ne. Ni malamin Turanci ne sabon ɗauka, an turo ni daga Daura, ina ji da kaina kamar a gidanmu aka ƙirƙiro harshen. Mu huɗu ne malamai in ka haɗa da shugaban makaranta, wanda rabin mako yana can yana bin takardu a ofishin ilimi. Biyu daga cikinmu mutanen kudu ne. Babu wanda ya ɗaga musu yatsa a ƙauyen, amma 'yan'uwansu suka yi ta aiko da saƙo a kan su dawo gida, har suka nemi canji aka ba su. Ɗayansu, malamin lissafi, shi kaɗai ne abokina a garin. Ɗakunanmu na jere, kullum bayan la'asar mukan dafa shayi a ƙofa, ina gyara masa Hausarsa, shi kuma yana yi mini dariya don da yatsu nake ƙirga.

Ranar da zai tafi, ya riga ya ɗaure kayansa a bayan babur, sai ya miƙo mini wani littafin rubutu mai shuɗin bango.

“Malam, wannan naka ne,” in ji shi da Hausarsa mai karkata. “Ka duba shi kafin ka shiga aji nawa. Akwai amfani.”

Na karɓa ko fuskarsa ban kalla ba. Haushinsa nake ji, gaskiya. A ganina ya gudu ya bar ni, sannan yana ba ni littafi kamar wani ɗalibinsa. Da na koma ofishin malamai na jefa shi cikin durowa, na tura ta da gwiwa.

Daga nan aka jibga mini komai: Turanci, lissafi, kimiyya, aikin gona. Ofishin malamai ya zama nawa ni kaɗai, kujeru huɗu, mutum ɗaya. In an tashi yara, babu abin da nake ji sai kukan kurciya da ƙarar kwanon rufi in rana ta dake shi. Shayin la'asar ma na daina, don na gano ba shayin nake so ba. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa allo magana. Na yi kewa ƙwarai, irin wadda mutum ke jin kunyar faɗa.

To da yake lissafi ba fagena ba ne, sai na koma inda na fi ƙarfi. Na ce ai matsalar yaran nan ba ƙwaƙwalwa ba ce, Turanci ne, don da shi ake rubuta kowace jarrabawa. Kullum da safe nakan rubuta kalmomi biyar a gefen allo, kowace da ma'anarta ta Hausa a gabanta, mu yi ta rerawa har ta zauna. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, babu ruɗani. Haka na koya musu cewa *difference* shi ne bambanci, kamar bambancin akuya da tunkiya. A darasin aikin gona kuma na ce *product* shi ne amfanin da ƙasa ke bayarwa, gyaɗa, gero, wake. In na zo lissafi sai in saki Turancin in koma Hausa, in ce ɗebe wannan, ninka wancan, don ni ma a nan na fi samun natsuwa. Har alfahari nake da dabarar, na kasa samun wanda zan yi wa ne kawai.

A aji uku akwai wani yaro ɗan makiyaya, dogo, mai shiru, ya girmi sauran don bai shiga makaranta da wuri ba. Daga rugarsu yake takowa kullum. Lissafi a kansa kamar ruwa yake. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya riga ya ɗaga hannu, ni kuwa sai na saci kallon bayan littafi kafin in ce masa ya yi daidai. Kalmomina na safe kuwa babu wanda ya kai shi riƙe su, a cikin wani ƙaramin littafi yake kwafe su, ya tafi da su kiwo ranar hutu. Shi nake kallo in ji zamana a ƙauyen nan yana da dalili.

Da lokacin jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana ya matso, mahaifinsa ya zo ya same ni, dattijo da sanda a kafaɗa. Ya ƙi kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa.

“Malam, yaron nan shekara uku ke nan ina haƙurin rashinsa. 'Yan'uwansa suna bin shanu, shi yana bin takarda. In ya ci wannan, na sake shi, ya tafi har inda karatu ya ƙare. In bai ci ba, to dabbobi na jiransa.”

“Baffa, kwantar da hankalinka,” na ce, har da dukan ƙirji. “In wannan bai ci ba, babu mai ci.”

A Daura aka yi jarrabawar. Ni na kai ɗalibanmu, na zauna a gindin wata darbejiya a wajen makarantar ina jira. Da aka fito daga lissafi na hango shi yana tahowa da sauri, yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

“Malam, yau an yi mana sauƙi. Kalmarka ta fito har sau uku.”

“Wace kalma?”

“*Difference*. Sun ba da lambobi biyu suka ce a nemo *difference* ɗinsu. Na rubuta musu ɗaya babba ce ɗaya ƙarama, ɗaya tana rabuwa biyu daidai ɗaya ba ta rabuwa. Da Turanci mai kyau na rubuta, Malam, yadda kake so. Na ma daɗe a kansu, har lokaci ya ƙure mini ban kai ƙarshe ba.”

Bai tsaya nan ba, ya ci gaba.

“Sai wasu da suka ce *product*. Na duba, ba gyaɗa ba gero, lambobi ne kawai. Na ce ko kuskure suka yi, na bar su.”

A lissafi, *difference* ɗebewa ce kawai, a cire ƙaramar lamba daga babba. *Product* kuma ninkawa. Abubuwan da yaron nan zai yi idonsa a rufe, yana tafe yana kora shanu. Na san wannan, ba wai ban sani ba, amma ban taɓa haɗa su a kaina ba, balle in haɗa masa. Ya tsaya yana jiran in yaba masa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Allah Ya ba da sa'a.” Har yau ina jin nauyin wannan addu'ar, don na san abin da na ɓoye a bayanta.

Da muka koma ƙauye da yamma na wuce ofis ni kaɗai. Ban san abin da ya kai hannuna durowar nan ba. Littafin mai shuɗin bango yana nan inda na jefa shi, gara ta ɗan taɓa gefensa. Na buɗe. Abokina ya jera kalmomin lissafi shafi bayan shafi, kowace da bayaninta cikin Hausarsa mai karkata da na saba yi wa dariya. A shafin farko, layi na biyu, ya rubuta: “*Difference*: ba bambanci na Turanci ba. Cire ƙarami daga babba. Yara suna faɗuwa a nan, ka gaya musu.” Har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Wata bakwai littafin yana kwance a gefen gwiwata. Na zauna a ofishin nan na yi kuka, kuma babu ko wanda zan ji kunyarsa.

Sakamako ya fito bayan ruwa ya sauka. Ya ci Turanci, ya ci kimiyya, ya faɗi lissafi. Na ari babur na nufi rugarsu, ina ta shirya magana a hanya. Na tarar da dattijon a kan tabarma, garken babu kowa sai 'yan maruƙa. Ya sa aka kawo mini nono, muka gaisa, sannan na ce, “Baffa, laifin nan nawa ne, ba na yaro ba. Ka ba shi shekara ɗaya ya sake.”

Ya murza sandarsa, sannan ya ce:

“Ya gaya mini ya amsa yadda ka koya masa. Haka ne?”

“Haka ne.”

“To Malam, in ya amsa yadda aka koya masa kuma ya faɗi, me zai koma ya ɗauko?”

Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce ta tsakani da Allah. Ya ce yaron ya riga ya bi yayyensa da shanu sun haura Nijar tun shekaranjiya, sai kaka in Allah Ya kai mu. Na bar masa littafin mai shuɗin bango na ce a ba shi in ya dawo. Da kaka ta yi, rugar ma ta tashi. Ban sake ganinsa ba, kuma ban san ko littafin ya isa hannunsa ba.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan wannan. Tun daga ranar ban ƙara rubuta kalma a allo da ma'ana ɗaya a gabanta ba. Nakan ja layuka, in tambayi yara me take nufi a Turanci, me take nufi a lissafi, me take nufi a kimiyya, sai mun bi ta ko'ina sannan in sake ta. Yara kan ce na cika naci, nakan bar su su faɗa.

Abin da na koya shi ne, in malami ya ba yaro rabin kalma, gara ma bai ba shi ba, don wanda bai sani ba zai yi tambaya, amma wanda aka ba rabi zai shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwa ya fito yana murmushi. Na kuma koyi cewa fushi da wanda ya tafi ba shi yake cutarwa ba. Ni na yi fushin, abokina ya isa gida lafiya, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya koma bin shanu.