Ƙullin da Ngumbao Ya Ƙi Kwancewa

Yayana Ngumbao Thoya ya fara furfura tun yana da sauran ƙarfinsa, kuma da farin kan nan ya ci abinci shekara da shekaru, har ranar da ya zame masa ajali. Ni ce Jumwa, ƙanwarsa, mai suyar mahamri, wato fanken mutanen gaɓar teku, a bakin hanyar da ta tashi daga Malindi ta shiga dajin Tsavo. Duk direban da ke kai baƙi kallon namun daji ya san rumfata, ya kuma san ba a taka ni in yi shiru.

Da hawan kwakwa ya fara, sana'ar babanmu. Wata rana ƙafa ta zame masa, ya faɗo ya gurɗe ƙugu, daga nan ya yi sallama da sama. Ya koma bakin teku a Watamu yana fasa wa 'yan Italiya ɗanyar kwakwa, ya tsinci yarensu a bakinsu, ya zama yaron mota, ya zama direba. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai ya ɗauki Fondo, ɗan wanmu marigayi, ya riƙe. Shi ya kai shi makaranta, shi ya saya masa babur ɗin acaɓa, shi ya tsaya masa wajen aure.

A wurin baƙi kuwa Ngumbao sarki ne. Matasan direbobi na da sababbin motoci da baƙin tabarau, amma Baturiya in ta hango farin kan nan sai ta ce ita motar tsoho za ta shiga. A gaban rumfata yake tsayawa su sha shayi, a nan kuma yake yi musu wa'azinsa, har na haddace.

"Ke mai baƙar riga, ɗora wata a kai, ƙudan tsando na son baƙi da shuɗi, ni kuma ba ni da lokacin jinya. Kai mai sanƙo, ina hularka? Ranar nan ba ta duba fasfo. Daji da sassafe ake shigarsa, in rana ta take zaki ma barci yake. In mun koma teku kada wanda ya shiga ruwa ba takalmi, akwai ƙaya a ƙasa. Ku sha ruwan kwakwa, ku bar giya sai yamma."

Su yi ta dariya suna ɗaukarsa hoto. Ni kuwa in ce, "Yaya, da surutu noma ne da ka ciyar da gaɓar nan kaf."

Ya ce, "Ke dai juya mahamrinki, ga shi can yana ƙonewa."

Maganar ƙulli da wasa ta fara. Wata amarya ce Baturiya, sun zo hutun aure da angonta a tsakiyar kaskazi, lokacin da iskar arewa ke kaɗawa, sama ta bushe ƙayau, teku ya kwanta. Ta ga ɗan gajimare ya gitta, ta ɓata rai, wai ruwa zai lalata mata hutu. Ngumbao ya zaro igiya daga bayan mota, ya ɗaga ta sama, ya yi wasu surutai da shi kansa bai san ma'anarsu ba, ya ƙulla, ya hura mata iska. Ya ce, "Na ɗaure ruwa. Ba ɗigo sai kin hau jirgi."

Ko jariri a ƙauyenmu ya san ba a ruwa a kaskazi. Amma amarya ta koma gida ta ba da labari, daga nan duk ayarin da ya zo sai ya ce a ɗaure masa ruwa. Igiyar ta cika da ƙulli, ya rataye ta a madubin mota. In damina ta kama kuwa yakan ajiye mota ya ɗauki fartanya, ya ce wa masu kiransa a waya, "Kada ku zo yanzu, hanya taɓo ce, teku kuma duk ciyawa."

Ni tun farko abin bai kwanta mini ba. A shekarun nan an shiga sarar tsofaffi a ƙauyukanmu. Yaro ya mutu, ko saniya ta faɗi, ko saurayi ya rasa aiki, sai a waiwaya a nemi mai farin kai a ce shi ne matsafin. Tsofaffin da muka tashi muna rusuna musu suka koma rina gashi a ɓoye. Da aka sassare wani dattijo a ƙauyen gaba da mu, na shiga Malindi na sayo kwalbar baƙin rini na dire wa Ngumbao a gabansa.

Na ce, "Zauna in shafa maka."

Ya ɗaga kwalbar ya juya ta. "Jumwa, so kike ki rufe mini shago? Wannan kan shi ne jarina. In ya yi baƙi, da me na fi yaran can masu tabarau?"

"Da rai za ka fi su, shashasha. Kuma ka jefar da igiyar nan."

"Wa zai taɓa ni a garin da aka binne cibiyata? Fondo na nan ai."

Na zage shi son raina, ya cinye mini mahamri ya tafi yana ɗingishinsa. Kwalbar na maida ita cikin akwati.

Sai fari ya zo. Ƙaramar damina ta wuce ba ta ko jiƙa ƙura ba, masara ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Kaskazi ta shigo da zafin da ban taɓa gani ba. Tafkinmu ya tsage. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanya ana yanka su kafin su cika, naman ma ba mai saye. Giwaye suka fito daga daji suka tumɓuke ɗan rogon da ya rage. Mata na fita neman ruwa da asuba su dawo da azahar da jarka ɗaya, ruwan ja kamar kunu.

A daji kuwa, shekarar ta yi wa masu kallo kyau. Ciyawa ta kwanta, dabbobi duk sun taru a bakin kogin Galana, ba sai an neme su ba. Motar Ngumbao ba ta huta ba. Kullum ta wuce ta tsakiyar gari cike da jajayen mutane suna ɗaga wa yara hannu. Duk dawowa yakan ciko jarkoki da ruwan famfo daga Malindi ya sauke a gindin tsamiya, kowa ya ɗiba. Suka sha ruwansa, suka goge baki, suka ce ai mai laifi ne yake wanke kansa.

Lokacin babbar damina ya yi, sama shiru. Shanun Fondo suka ƙare, matarsa ta yi ɓari a hanyar ɗibar ruwa. Ban ce bai ji ciwo ba, ya ji. Ana haka wani ya turo masa bidiyo a waya, wanda wani baƙo ya ɗauka ya saka duniya ta gani: ga Ngumbao da farin kansa, ga igiya a sama, yana ƙullawa yana hurawa, Turawa na tafi. Fondo ya yi ta yawo da wayar nan daga rumfar bammi zuwa tashar acaɓa. Kafin in ankara, masu gaishe ni sun fara kawar da kai.

Na kira Ngumbao na ce ya zauna a Watamu kada ya zo. Ya ce, "Haba Jumwa, ba ki ji iska ta fara juyawa ba? Kusi, iskar kudu, na hanya, ruwa ya kusa. Yana sauka za su manta. Kuma in ban zo ba, wa zai kawo musu na sha?"

Da tsakar rana ya iso, ba baƙi a motar, sai jarkoki. Ina cikin suya na ga an jera duwatsu a hanya, na ga 'yan acaɓa sun kashe baburansu. Na yi masa ihu cewa ya juya, bai ji ba. Dutsen farko ya tarwatsa gilashin gaba. Suka fizge ƙofa, suka jawo shi ta ƙafa, kansa ya bugi ƙarfen mota. Amma ya fito da igiyar a hannunsa, ya naɗe ta a yatsunsa ya dunƙule.

Gari ya taru, maza da mata. Fondo ne a gaba, adda a hannu.

Ya ce, "Baba, kwance."

Ngumbao ya tashi zaune, jini na bin girarsa. "Fondo, ni kake tsaya wa a kai da adda? Ajiye mu yi magana."

"Ba magana. Ka sayar wa Turawa da ruwanmu. Kwance, ko wallahi in kwance ka."

"Wasa ne, ɗana, abin dariyar baƙi. Ni wa, da zan ɗaure ruwan Allah? Masarata ba ta ƙone tare da taku ba?"

Wata mata daga baya ta ce, "In wasa ne, kwance mana! Me ya hana?"

Ni ma na ce, "Yaya, don Allah kwance musu tsiyar nan!"

Ya dube ni, ya girgiza kai. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku saurari iska, ta koma kudu. Ruwa na zuwa, ko na kwance ko ban kwance ba. In na kwance yau ya sauka gobe, za ku ce ga shi nan, tsoho ne ya riƙe. Daga nan ba mai farin kan da zai sake barci a garin nan. Ku ɗaure ni a gindin tsamiyar can, ku bar igiyar a ƙulle a hannuna, ku jira 'yan kwanaki. In ruwa bai sauka a kan ƙullin nan ba, ku yi yadda kuka so da ni."

Na ga wasu dattawa sun sunkuyar da kawunansu masu baƙin rini. Sai wani ɗan acaɓa ya ce, "Kun ji? Har ya san ranar da zai sauka!"

Shi ke nan. Wani ya sauke masa kulki a ƙugun nan da ya gurɗe, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ban san sanda na sure kaskon mai daga wuta ba. Na watsa wa mai kulkin a baya, ya kurma ihu ya faɗi yana birgima, rigarsa ta manne da fata. Wani ya haɗa mini dutse a baki, haƙorana na gaba suka zube a ƙasa. Suka danne ni, gwiwa a wuyana, fuskata na kallon yayana.

Suka yi ta ƙoƙarin ɓanɓare yatsunsa, suka kasa. Suka taka hannun, suka daka da dutse, bai saki ba. Yana ta cewa, "Ku jira. Ku dai jira." Fondo ya ja hannun ya ɗora a kan dutsen hanya, ya ɗaga adda ya sara. Igiyar ta rabu biyu tare da yatsun. Ngumbao ya kira sunansa sau ɗaya, irin kiran da yake yi masa yana yaro in abinci ya sauka. Sara na biyu a kai ne. Sauran suka rufa masa da duwatsu da itace, har farin kan nan ya daina zama fari.

Kafin su cinna wa motar wuta, sai da suka sauke jarkokin ruwan a hankali, kada ɗaya ta fashe.

Muna haƙa kabari sama ta haɗo. Ba mu gama tura ƙasa ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, daidai yadda ya faɗa. Ina durƙushe a taɓo da kumburarren baki, ina jin guɗa na tashi daga cikin gari, ana buga bokitai ana rawa. A rayuwata ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani ruwan nan ba. Da sun ƙara masa haƙuri kaɗan, da ya sauka a kan ƙullinsa, yana zaune a gindin tsamiya yana yi musu dariya.

An kama 'yan mutane, aka nemi shaida, gari guda ya ce yana gona ranar. Maganata ni kaɗai ba ta riƙe kowa ba. Suka dawo suka yi shuka, masara ta yi kyau a shekarar, don baƙin ciki.

Na sake kafa rumfata, saboda ciki bai san makoki ba. Har yau baƙi kan leƙo daga mota su tambayi tsoho mai ɗaure ruwa, direba ya yi sauri ya ƙara wuta. Wata safiya, masara ta fara bunƙasa, sai ga Fondo a kan babur ɗin da Ngumbao ya saya masa. Ya tsaya bai kashe inji ba.

Ya ce, "Gwaggo, ina kwana. Kin dai ga ruwa da idonki."

Na ce, "Wanda ya yi maka tsarki kana yaro kana zawo, shi na gani kwance a hanya. Wuce, tsinanne, kafin man nan ya yi zafi."

Bai yi fushi ba. Ya tsaya yana kallona, ba a ido ba, a goshi, inda ɗankwalina ya zame, furfura ta leƙo. Ya ce, "Gwaggo, ashe ke ma kin fara." Ya ja babur ya tafi.

Na sauke kasko, na shiga ɗaki na buɗe akwati. Kwalbar rinin na nan yadda Ngumbao ya bar mini ita, ko murfin ba a karya ba. Na zauna a kan turmi a bayan ɗaki da guntun madubi, ina shafawa ina zaginsa, ina kuka, baƙin na gangaro mini a wuya. Don kansa na sayo ta, kuma ta ishi nawa har da saura.