Warkin da ba a taɓa ɗaurawa ba

Jiya muna kwashe kayan marigayiya kakata Inna a Bungudu, sai ga warkin nan na fata a ƙasan adudu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Shekarar korona ina ajin ƙarshe a kwaleji, ni ne mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallonmu. Saura wasa biyu mu ɗauki kofi aka soke gasar. Na dawo gida ina cika ina batsewa, ko tuwo na ƙi ci.

Inna ta ɗauko warkin ta ɗora min a cinya.

"Na babana ne. Ya sa aka jeme masa don kokawar lokacin kaka da wani ƙato na Tsafe. Sai annobar mura ta shigo, ƙarshen yaƙin Turawa na farko, hakimi ya hana kiɗa da taro. Ya yi ta fushi kamar kai, yana cewa sai baɗi."

Na ce, "To da baɗin ta zo, ya kayar da shi?"

"Da ƙafa ya taka har Tsafe nemansa. Kabari aka nuna masa. Bai sake shiga fage ba har ya bar duniya." Ta dube ni. "Kai abokan karawarka ba suna numfashi ba? Tashi ka ci tuwo."

Yau ga warki, babu Inna. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ku fa, wa kuka ce za ku je gani baɗi, har yau ba ku je ba?