Kwalbar Aidin da Yaya Ya Kawo wa Umma

Shekarun baya kaɗan, an yi wa mahaifiyata aikin maƙoƙo. Ya daɗe a wuyanta tana rufe shi da mayafi, har ta kai idan ta kwanta rigingine numfashi yana gagararta. Likitoci suka duba, suka ce ba rage shi za a yi ba, halittar da ta kumbura ɗin, wadda suke kira tayirod, ita za a cire gaba ɗaya. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ranar sallama ni ce a wurinta, don haka ni likita ya kalla da yake miƙo magani.

"Wannan 'yar ƙwayar, kullum da safe kafin ta ci komai. Ita za ta riƙa yi mata aikin abin da muka cire. Ba ta da ranar dainawa."

Umma ba ta taɓa son ƙwayar nan ba. Ba ɗaci ne ya dame ta ba, jiran da ake yi bayan an sha kafin a karya ne. Takan ce, "Mutum da girmansa, a ce ya zauna yana kallon kokonsa yana hucewa." Amma tana sha.

Ni ina aure a Gwammaja, ita tana gidanmu na Zaitawa tare da babban yayanmu da iyalinsa. Tun rasuwar mahaifinmu Yaya ne uba, abin da ya ce shi ake yi. Sai aka yi wani tsakani ban samu zuwa gida ba, yarona yana ta fama da rashin lafiya, sai dai waya. Na riƙa jin muryar Umma tana ja, ta yi kauri, sai na yi magana a daɗe kafin ta amsa. Ni da wautata, kamfanin waya na yi ta zagi.

Ranar da na je tsakiyar bazara ce, zafin da ko yara sun haƙura da wasa. Na ɗaga labulen ɗakinta na same ta sanye da suwaita, ta ja bargo har ƙirji. Fuskarta ta kumbura, fatar hannunta ta bushe ƙamas. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke ce?"

Matar Yaya ta ja ni gefe. Ta ce barci kawai take yi, wani lokacin a kan sallaya, kuma tana manta raka'ar da take. Wasu sun ce tsufa ne, gwaggonmu kuwa ta ce iska ce, har an yi maganar a kira malami.

Na koma na zauna kusa da ita. "Umma, ina ƙwayarki ta safe?"

Ta nuna min wata 'yar kwalba a kan taga. "Yayanki ya kawo wanda ya fi ta. Aidin ne, ana ɗiga shi a ruwa. Ya ce rashinsa ne ya kawo min maƙoƙon tun farko. In jikina ya ƙoshi da shi, na rabu da ƙwayar asibiti."

"Tun yaushe kika daina?"

"An kwana biyu."

Ban yi karatun lafiya ba, sakandare na gama aka yi min aure. Amma maganar likitan nan tana kunnena. Na jira Yaya ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, na same shi a soro, na durƙusa na gaishe shi. Ku sani ni ce auta, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi yana magana ba. Ranar ma ƙasa nake kallo, amma na faɗa.

"Yaya, ina ganin rashin ƙwayar nan ne yake kwantar da Umma."

Ya ce, "Ke likita ce?"

"A'a. Amma a gabana likita ya ce kada ta daina."

"Haka suke faɗa wa kowa. Abokina ne ya ba ni wannan, daga waje aka kawo shi. Ke ba kya jin rediyo? Kullum cewa suke rashin aidin ne yake kawo maƙoƙo. So kike mahaifiyarmu ta ƙare rayuwarta a kan ƙwaya?"

"So nake a gwada jininta. In likita ya ce naka ne daidai, a gaban kowa zan ba ka haƙuri."

"Tashi ki koma gidan mijinki."

Na tashi, amma ɗakin Umma na koma. Na kira maigidana na faɗa masa yadda muka yi da Yaya, na ce a nan zan kwana, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Umma ta ji komai. Ta kamo hannuna ta ce, "Kar ki ɓata da yayanki saboda ni. Don Allah ya yi."

Na ce, "Na sani, Umma. Ni ma don Allah zan yi."

Da safe na taimaka mata ta yi wanka, na sa mata kaya, na jefa kwalbar a jaka, muka kama hanyar asibiti. Lungunmu adaidaita ba ta shiga, sai dai a taka zuwa bakin titi. Tafiyar da Umma take yi a da tana gaisawa da mutane ba tare da ta tsaya ba, ranar sai da muka riƙa zama a kan dakalin maƙwabta tana hutawa. Matan unguwa suna leƙowa suna sannu. Ni kuma gumi nake, rabi na nauyinta, rabi na tsoron abin da zai biyo baya.

Muna zaune a wani dakali sai ga Yaya ya turo babur ɗinsa zai tafi kasuwa. Ya tsaya. Na ce a raina yau na shiga uku. Bai kalle ni ba, Umma ya kalla, yadda take haki a kan 'yar tafiyar nan. Ina jin a ɗaki kullum yake ganinta a kwance, bai taɓa ganinta a hasken rana haka ba. Ya jingine babur ɗin a jikin katanga, ya kama ɗaya hannun nata.

"Kin ɗauko kwalbar?"

"Tana jakata."

Likitar da muka gani mace ce. Ta sa aka ɗebi jini, da sakamako ya fito ta girgiza kai. Yaya ya ajiye mata kwalbar ya yi bayani, bai ɓoye komai ba.

Ta ce, "Alhaji, abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, amma ga mai tayirod. Aidin kamar hatsi ne, tayirod shi ne injin niƙa. Hajiya an cire mata injin. Ko buhu nawa ka jibge mata, gari ba zai fito ba. Ƙwayar nan ita ce garin, an riga an niƙa."

Yaya ya ce, "To aidin ɗin guba ne ke nan?"

"A'a. Jiki yana buƙatarsa kaɗan, kuma gishirin da aka sa wa aidin yana isar yawancin mutane. Amma ko wanda tayirod ɗinsa yana nan, in yana da ciwo, bai kamata ya sha irin wannan ba sai an gwada shi, don yana iya tayar da ciwon. Ita kuwa Hajiya, da kun ƙara jinkiri, da a kan gado za ku kawo ta."

Aka mayar da ita kan ƙwayar, ana gwaji ana daidaitawa. Ba a rana ɗaya ta warware ba. Kumburin ya fara sauka, ta ajiye bargo, sannan wata rana na shiga na tarar tana yi wa jikoki faɗa a kan takalman da suka zubar a ƙofarta. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Yaya kuwa da ƙafarsa ya je ya faɗa wa abokinsa abin da likita ta ce, don matar abokin ma tana ɗigawa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mai cutar da kai ba lallai maƙiyinka ba ne. Yaya ya fi kowa son Umma, son ne ya sa ya kawo kwalbar. Kuma ladabi ba ya hana ka tsaya a kan abin da ka ji da kunnenka. Za ka iya durƙusawa, ka kalli ƙasa, ka ce a'a.

Ni da Yaya ba mu taɓa tayar da maganar ba, bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Sai bara, da aka taru a gida za a yanke shawara a kan gyaran ɗakin Umma, na makara a hanya. Matarsa ce ta gaya min daga baya, an fara magana Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata. A jira auta ta zo a ji ta bakinta."